Tarihin kamfanin PeopleSoft da yadda Oracle ya saye shi da ƙarfin tsiya



Tun da na gama sakandare ni ke riƙe wa Baba littafin bashi a kara. Kun dai san yadda harkar take: mahauci zai ja shanu uku yau, ya ajiye rabin kuɗi, ragowar sai ya yanka ya sayar. In littafin nan ya ɓata, to jari ne ya ɓata. Bara na ga wahalar ta yi yawa, sai na kwashe lissafin gaba ɗaya na zuba a wata manhaja ta waya. Ba a yi wata bakwai ba sai ga saƙo, wai wani kamfani ya saye masu manhajar, kuma za a rufe ta a ƙarshen wata. Kwana uku na yi ina kwafe sunaye da kuɗaɗe da biro, Baba yana tsaye a kaina yana cewa ai da ma ya faɗa mini.

Abin da ya sa ke nan na fara karance-karance a kan me ke faruwa da mutane idan aka sayi kamfanin da ke riƙe musu lissafi. A nan na ci karo da labarin PeopleSoft na ƙasar Amurka, wanda aka shafe wata 18 ana kokawa a kan sayensa. Ga abin da na tattaro.

Wace sana'a PeopleSoft ke yi?

Akwai manhajojin da talaka ba ya ganin su a wayarsa, amma su ke riƙe da manyan ma'aikatu. Kamfanin da ke da ma'aikata 50,000 yana buƙatar wurin da zai rubuta sunan kowa, ranar da aka ɗauke shi, matakin albashinsa, hutunsa, harajin da za a cire masa da kuɗin fanshonsa. Yana kuma buƙatar lissafin kuɗin shiga da na fita, kayan da ke sito, da bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Manhajar da ke haɗa duk wannan a wuri guda ita ake kira ERP a taƙaice. Bankuna, jami'o'i, asibitoci, masana'antu da gwamnatoci su ne masu sayenta.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, don su ne ƙashin bayan labarin. Na farko, dasa irin wannan manhaja a babbar ma'aikata yana cin miliyoyin daloli, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ko fiye, ga horar da ma'aikata. Saboda haka wanda ya dasa ba ya saurin cirewa. Na biyu, bayan kuɗin saye, duk shekara mai amfani yana biyan kuɗin kulawa, kimanin kashi 20 cikin 100 na farashin farko, don a riƙa yi masa gyara da sabuntawa. Wannan kuɗin shekara-shekara shi ne nonon da kamfanonin ke tatsa.

Yadda aka kafa shi

Dave Duffield da Ken Morris ne suka kafa PeopleSoft a shekarar 1987 a garin Walnut Creek da ke jihar Kalifoniya. Daga baya hedikwatar ta koma Pleasanton, duk a jihar. Duffield ba yaro ba ne a lokacin. An haife shi a 1940, ya yi karatu a Jami'ar Cornell, ya yi aiki da IBM, kuma ya taɓa kafa wani kamfani mai suna Integral Systems da ke yin manhajar kula da ma'aikata.

A wancan zamani irin waɗannan manhajoji a kan wasu manya-manyan kwamfutoci suke aiki, waɗanda ke cika ɗaki guda, sai ƙwararru kaɗai ke iya taɓa su. Shi Duffield ya ga cewa ƙananan kwamfutocin tebur sun fara cika ofisoshi, don haka ya ce a raba aikin: bayanai su zauna a uwar kwamfuta guda, ma'aikaci kuma ya yi aikinsa daga tebur ɗinsa. Abokan aikinsa a tsohon kamfanin ba su karɓi shawarar ba, sai ya fita, ya jinginar da gidansa ya samu jarin farawa.

Manhajarsu ta farko, ta kula da ma'aikata, ta fito a ƙarshen 1989, kuma ta samu karɓuwa. A 1992 kamfanin ya shiga kasuwar hannayen jari, wato ya sayar wa jama'a wani ɓangare na kansa don ya samu kuɗin faɗaɗawa. Ku riƙe wannan ma, za mu dawo kansa. Daga nan suka ƙara manhajar lissafin kuɗi, da ta masana'antu, da ta jami'o'i mai kula da rajistar ɗalibai. Zuwa 1998 cinikinsu na shekara ya haura dala biliyan 1.

An san PeopleSoft da zaman mutunci tsakanin shugaba da ma'aikata. Harufan farko na cikakken sunan Duffield su ne D.A.D., kalmar da ke nufin baba a Turanci, kuma da su yake sa hannu a wasiƙunsa. Ma'aikatan har ƙungiyar kiɗa suka kafa da sunansa. Wannan ya sa abin da ya biyo baya ya yi musu zafi fiye da kima.

Shekarar tangal-tangal

Kafin shekara ta 2000 an yi ta fargabar cewa tsofaffin kwamfutoci za su rikice idan ƙarni ya juya, saboda lambobi biyu kawai suke rubuta shekara da su. Kamfanoni suka yi rububin sayen sababbin manhajoji. Da kowa ya gama saye, sai kasuwa ta yi sanyi a 1999. PeopleSoft ya rage ma'aikata, farashin hannun jarinsa ya faɗi.

A shekarar ne aka kawo Craig Conway ya karɓi ragamar kamfanin, Duffield ya koma shugaban kwamitin daraktoci. Conway tsohon ma'aikacin Oracle ne, ya yi shekaru a ƙarƙashin Larry Ellison, ya san halinsa ciki da waje. Ya tsuke bakin aljihu, ya sayi kamfanin Vantive mai manhajar kula da abokan ciniki, sannan a 2000 aka fito da PeopleSoft 8, wadda ake shiga ta intanet ba sai an dasa komai a kwamfutar ma'aikaci ba. Kamfanin ya farfaɗo.

Cinikin da ya tayar da ƙura

A farkon 2003 manyan masu wannan sana'a uku ne. SAP na ƙasar Jamus, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972, shi ne na ɗaya da tazara mai yawa. Oracle, wanda Larry Ellison da abokansa biyu suka kafa a 1977, shi ne na biyu, ko da yake asalin ƙarfinsa a manhajar rumbun adana bayanai yake. PeopleSoft na biye.

Akwai kuma wani matsakaici mai suna J.D. Edwards a birnin Denver na jihar Kolorado. An kafa shi a 1977, kuma sunan an haɗa shi ne daga sunayen mutum uku da suka kafa shi: Jack Thompson, Dan Gregory da Ed McVaney. Shi ya fi ƙarfi a wajen matsakaitan masana'antu, 'yan kwangilar gine-gine da masu rarraba kaya, inda PeopleSoft ba shi da ƙafa sosai.

Ranar 2 ga Yuni, 2003, PeopleSoft ya sanar da cewa zai sayi J.D. Edwards a kan kimanin dala biliyan 1.7. In an haɗa su, za su samu abokan ciniki sama da 11,000, kuma za su ture Oracle daga matsayi na biyu.

Kwana huɗu kacal bayan haka, ranar 6 ga Yuni, Oracle ya fito ya ce shi kuma zai sayi PeopleSoft ɗin kansa, a kan dala 16 kowane hannun jari, jimilla dala biliyan 5.1.

Yaya ake sayen abin da ba a sa a kasuwa ba?

Wannan ita ce tambayar da na fara yi wa kaina. A kara, in mai sa ya ce ba na sayarwa ba ne, magana ta ƙare, ko nawa ka taya. To amma kamfanin da ya shiga kasuwar hannayen jari kamar garke ne da mutum dubu suka haɗa kuɗi suka saya, suka ɗauki makiyayi. Shugaban kamfani da daraktoci su ne makiyayan, masu hannun jari su ne masu dukiya. Mai saye yana iya tsallake makiyayi ya tafi kai tsaye wajen masu dukiya ya ce kowa ya sayar masa da rabonsa. In ya tara fiye da rabi, sai ya sallami makiyayin ya sa nasa. Abin da Oracle ya yi niyya ke nan.

Tayin farko bai fi farashin kasuwa da ko dala ɗaya ba, abin da ya sa mutane da yawa suka ce ba saye ne a ran Ellison ba, so yake ya ɓata cinikin J.D. Edwards. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, Oracle ya nuna cewa in ya saya ba zai ci gaba da tallata manhajojin PeopleSoft ga sababbin masu saye ba, zai dai kula da waɗanda ke ciki, yana jan su a hankali zuwa tasa. Ka ga a fili yake cewa abin da yake so shi ne abokan cinikin nan da kuɗin kulawar da suke biya duk shekara.

Conway ya kwatanta tayin da mutumin da ya zo sayen karenka don ya je bayan gida ya harbe shi. Ellison ya mayar masa da cewa in da Conway da karen suna tsaye, harsashi ɗaya ne a hannunsa, to ba karen zai harba ba. Daga baya Conway ya hau dandamali a taron abokan cinikinsa shi da karensa, kowanne sanye da rigar sulke. Abin ya zama kamar wasa, amma a ƙasa mutane na cikin fargaba. Gwamnatin jihar Connecticut, wadda ke tsakiyar dasa manhajar PeopleSoft a aikin da ya kai kimanin dala miliyan 100, ta garzaya kotu a cikin watan Yunin don a hana cinikin.

Daraktocin PeopleSoft suka ce albarka. Ranar 18 ga Yuni Oracle ya ƙara zuwa dala 19.50, suka sake cewa albarka, suka kuma gaggauta kammala sayen J.D. Edwards a wannan bazarar a kan kusan dala biliyan 1.8.

Katanga biyu da PeopleSoft ya yi

Ta farko ita ce dabarar da Turawa ke wa laƙabi da ƙwayar guba. Ƙa'ida ce da daraktoci ke sawa cewa duk ranar da wani ya tara hannun jari ya wuce wani kaso ba da yardarsu ba, za a buga sababbin hannayen jari a sayar wa sauran a farashi mai rahusa, ban da shi. Rabonsa sai ya narke, sayen ya yi masa tsada ƙwarai.

Ta biyu sabuwa ce. Tun da labarin ya fita, masu niyyar sayen manhajar PeopleSoft suka ja baya, don ba wanda zai zuba miliyoyi a abin da ba a san gobensa ba. Sai kamfanin ya riƙa rubuta musu alkawari cewa in aka saye shi kuma sabon mai shi ya daina kula da manhajar, za a biya su ninki biyu zuwa biyar na kuɗinsu. Wannan ya kwantar wa masu saye da hankali, ya kuma zama bashin da zai hau kan Oracle in ya yi wasa. Oracle ya kai ƙara kotun jihar Delaware, inda PeopleSoft ke da rajista, yana neman a rushe katangun biyu.

Gwamnati ta shiga tsakani

Ranar 4 ga Fabrairu, 2004, Oracle ya ɗaga tayinsa zuwa dala 26, jimilla dala biliyan 9.4. A ƙarshen watan sai Ma'aikatar Shari'a ta Amurka tare da wasu jihohi suka shigar da ƙara don hana cinikin. Hujjarsu ita ce, manyan ma'aikatu ba su da zaɓi sai tsakanin SAP da Oracle da PeopleSoft. In uku suka koma biyu, farashi zai tashi. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar da dillali biyu kaɗai ke riƙe da ita ya san wannan magana.

Ana cikin jiran shari'a, a watan Mayu, Oracle ya sauko da tayinsa zuwa dala 21, yana cewa darajar PeopleSoft ta ragu. An fara sauraron ƙarar a watan Yuni a San Francisco a gaban alƙali Vaughn Walker. A nan ne asiri ya tonu cewa Microsoft ya taɓa tattaunawa da SAP a kan yiwuwar sayensa, abin da ya taimaka wa Oracle wajen nuna cewa akwai wasu manya da ke shirin shigowa kasuwar. Ranar 9 ga Satumba, 2004, alƙalin ya yanke cewa gwamnati ba ta tabbatar da cewa kasuwar ta mutum uku ce kaɗai ba, don akwai irin su Lawson da Microsoft da sauransu. Oracle ya yi nasara. A ƙarshen Oktoba Hukumar Tarayyar Turai ita ma ta ba da izini.

An sallama

Ranar 1 ga Oktoba, 2004, daraktocin PeopleSoft suka kori Conway, suka ce sun daina amincewa da jagorancinsa. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya shaida wa kotun Delaware cewa Conway ya faɗa wa masu nazarin kasuwa cewa tayin Oracle ya daina cutar da cinikinsu, alhali ba haka ba ne. Aka dawo da Duffield kan kujerar, ma'aikata suka yi murna, suna ganin Baba ya dawo ba za a sayar ba.

Ranar 1 ga Nuwamba Oracle ya ce dala 24, kuma wai ita ce ta ƙarshe: in masu fiye da rabin hannun jari ba su amsa ba zuwa 19 ga wata, zai janye. Da wa'adin ya cika, masu kimanin kashi 61 cikin 100 sun miƙa nasu. Daga nan daraktoci suka ga cewa masu dukiya sun yi magana, abin da ya rage shi ne a ja farashi. Ranar 13 ga Disamba, 2004, aka daidaita a kan dala 26.50, jimilla dala biliyan 10.3. An kammala komai ranar 7 ga Janairu, 2005.

Ku duba tazarar: daga dala 16 zuwa 26.50. Jimillar ta ninka ne saboda ƙarin farashin da kuma shigowar J.D. Edwards cikin lissafi. Turjiyar wata 18 ba ta hana sayarwa ba, amma ta cika aljihun masu hannun jari.

Wa ya ci, wa ya yi asara?

Mako guda bayan kammala cinikin, Oracle ya sanar da rage ma'aikata kimanin 5,000 daga haɗakar kamfanonin biyu, kuma mafi yawansu 'yan PeopleSoft ne, wanda ke da ma'aikata wajen 11,000. Da yawa a gida takardar ta same su ta hannun masu kai saƙo: wani ya buɗe ya ga tayin aiki, wani ya ga sallama. Duffield ya ware dala miliyan 10 daga aljihunsa don tallafa wa waɗanda abin ya shafa.

Su kuwa masu amfani da manhajar, abin bai yi musu muni kamar yadda suka ji tsoro ba. Oracle ya yi alkawarin kula da ita har 2013, sannan a 2006 ya sanar da cewa zai ci gaba da sabunta PeopleSoft da J.D. Edwards ba tare da tilasta wa kowa ƙaura ba. Har yau akwai jami'o'i da gwamnatoci da kamfanonin da ke aiki da su. A ganina ba tausayi ne ya kawo haka ba. Wanda ya biya dala biliyan 10.3 don saniyar tatsa ba zai yanka ta ba, kuma hayaniyar da abokan cinikin suka yi tun farko ta nuna masa cewa in ya matsa musu, SAP na bakin ƙofa yana jira.

Oracle kuma ya ɗanɗana ya ji daɗi. Ya sayi Siebel a kan dala biliyan 5.85, cinikin da aka kammala a farkon 2006, sai Hyperion a 2007, BEA a 2008, da Sun Microsystems a 2010.

Duffield bai zauna ba. A watan Maris na 2005, yana da shekara 64, shi da Aneel Bhusri, tsohon babban jami'i a PeopleSoft, suka kafa Workday. Sana'ar dai ita ce, kula da ma'aikata da lissafin kuɗi, amma a wannan karon ba a dasa komai a ofishin mai saye, haya ake biya ana shiga ta intanet. Workday ya shiga kasuwar hannayen jari a Oktoban 2012, hedikwatarsa tana Pleasanton, garin da PeopleSoft ya zauna, kuma yau yana cikin manyan masu gogayya da Oracle. Da za su shiga kasuwar, sun tsara hannayen jarin gida biyu, nasu yana da ƙuri'a fiye da na sauran jama'a, don kada a sake yi musu irin ta farko.

Abin da na ɗauka daga labarin

Mu nan Kudu yanzu kusan kowa lissafinsa ya fara komawa waya: mai POS, mai canji, mai shagon hatsi, mai lodin tirela. Ba laifi ba ne, sauƙi ne. Amma duk wanda ya riƙe maka lissafi ya riƙe maka wuya, kuma kamfani kaya ne da ake iya sayarwa ba tare da an tambaye ka ba. Jihar Connecticut tana da lauyoyin zuwa kotu, mu ba mu da su. Don haka kafin ka zuba bayananka a kowace manhaja, ka tambaya ko akwai hanyar fitar da su gaba ɗaya in ka tashi barin ta, ka kuma riƙa fitar da kwafi lokaci-lokaci. Ni dai yanzu duk Juma'a bayan sallar La'asar sai na sauke lissafin mako a littafi.

Sai kuma masu haɗa jari. In ka karɓi kuɗin mutane don kasuwa ta girma, ka san cewa ka ba su baki a cikinta. Duffield shi ya jinginar da gidansa ya kafa PeopleSoft, amma ranar da masu kashi 61 suka ce a sayar, bai iya hanawa ba. Tun ranar haɗa kuɗi ya kamata a rubuta wa ke da ikon cewa a sayar, kuma in wani zai fita wa za a fara yi wa tayin rabonsa, a sa shaidu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Amin.